Yumɓun da ke Ƙasan Rijiyar Lambunmu

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Tudun Wada. Da aka ba da hutu na tafi gida, ƙauyenmu na ƙasar Kiru, na tarar Baba ya sa ana haƙa rijiya a lambunsa na bakin fadama. Yayana ma yana gida. Shi ilimin duwatsu ya karanta, ya yi aiki a ramin kuza na Riruwai, daga can aka tura shi Turai ƙaro ilimi, kuma bai daɗe da dawowa ba.

Wata rana da hantsi mai haƙar rijiyar, wani dattijo mutumin Bebeji, ya turo guga sama cike da abin da ba jar ƙasa ba ce, ba tsakuwa ba. Yumɓu ne mai launin toka, sumul, da sanyi kamar gefen randa. Yaya ya ɗebo ya murza a tafin hannunsa, ya shinshina, sai ya leƙa ramin.

"Sannu da aiki, Dattijo. Za ka bari mu sauko mu gani?"

"Da wannan farar rigar taka?" in ji dattijon daga ƙasa, yana dariya. "To, bari in fito, wurin ba ya ɗaukar mutum uku."

Da ya fito sai ya zura fitilar ƙwai da igiya har ƙasa, muka tsaya muna kallo. Ba ta mutu ba, wato akwai iska mai kyau. Yaya ya fara sauka, ni kuma na bi shi, ina sa ƙafa a ramukan da aka sassaƙa a bango don takawa.

A ƙasa duniya ta yi tsit. Da na ɗaga kai, sama ta zama kamar faifai ɗan ƙarami. Yaya ya haska bango da tocila, na ga duk inda diga ta sara yumɓun ya tsattsage, tsagogi sirara sun bi shi kamar jijiyar ganye.

"Ka ga wannan?" in ji shi. "Tun kafin a yi garinmu yake kwance a matse, nauyin ƙasa na kansa. Yau an buɗe masa gefe, shi ne ya fara saki."

Ya sa diga ya fafe ɗan kogo a bangon, zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ya karya wani kara daidai faɗin bakin kogon, ya gwada, ya shiga ya fita ba tare da ya taɓa gefe sosai ba. Ya miƙa mini ya ce in adana.

A nan ƙasan ya ba ni labarin da har yau nake jin sa a jikina. Ya ce a can Turai an kai su wani rami da aka haƙa cikin yumɓu, mai zurfin da rijiyarmu ko kusa ba ta kai ba, aka sauke su a keji na ƙarfe. A ƙasa an fafe hanya a kwance wadda mutum zai yi tafiya a cikinta a tsaye. Ba kuza suke nema ba, ba ruwa ba. Suna son su gane ko yumɓu zai iya riƙe sharar tashoshin lantarki na nukiliya, wadda gubarta ba ta mutuwa sai bayan dubban shekaru.

"Me ya sa yumɓu?" na tambaya.

"Saboda ruwa ba ya ratsa shi sai da ƙyar. Tsoronsu ɗaya, haƙar da kanta tana tsaga shi, kamar nan. In tsagar ta zauna, ruwa ya samu hanya. Shi ne suke zaune suna kallo ko zai haɗe."

"Yana haɗewa?"

"Ka dai riƙe karan."

Sai aka yi rasuwa a gidan mai haƙar, aiki ya tsaya na wasu makonni. Aka rufe bakin rijiyar da kwano da itace. Ranar da ya dawo, bayan mun yi masa ta'aziyya, muka sake sauka.

Da farko na ɗauka idona ne. Tsagogin nan da na gani, yawancinsu babu su. Bangon ya tsattsafo da danshi, ya yi laushi, ya haɗe bakinsa. Inda tsaga ta fi girma sai ɗan layi kamar tabon kaciya da ya warke. Na ciro karan na kai bakin kogon. Ya ƙi shiga. Na juya shi, na danna, ya lanƙwashe ya karye a hannuna. Babu wanda ya taɓa wurin, ƙasa ce ta matso da kanta a cikin duhu.

"Subhanallahi," kawai na iya cewa. Yaya ma, da ya san za a yi haka, ya daɗe da tafinsa a jikin bangon.

Da muka fito muka gaya wa Baba, yana zaune a inuwar mangwaro. Ya saurari zancen Turai har ƙarshe, sannan ya ce, "To, in ƙasa ta rufe ta riƙe amana, wa zai gaya wa jikokin jikokinsu kada su haƙa rijiya a wurin?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Wallahi, Baba, su ma suna wannan tambayar. Ban ji wanda ya amsa ba."

Mai haƙar ya ce gara a hanzarta ɗaure wannan sashen da siminti kafin ramin ya ƙara tsukewa, aka kuwa yi haka. Da ya fasa ƙarƙashin yumɓun sai ya tarar da yashi, ruwa ya taso har gwiwarsa. A ranar Baba ya shayar da albasarsa da shi, muka sha mu ma, garɗinsa kamar na sabon tulu.