Takalmin Baba a Ƙofar Wansa

Asubar Asabar muka bar Katsina, ni da mahaifina da 'yata ta fari, wadda ta zo hutu daga makarantar tauhidi. Ƙauyenmu muka nufa, can bayan Zango, domin an aiko cewa wan Baba yana kwance, jiki ya yi tsanani.

Shekara talatin da ɗoriya rabon Baba da garin. Lokacin da ya zama Kirista sun yi kaca-kaca da wansa, shi kuwa da zafin zuciya ya cire takalmi ya karkaɗe a ƙofar gidan, kamar yadda ya karanta a Linjila ana yi wa garin da ya ƙi manzanni. Tun ranar yake ganin ya ja wa ɗan'uwansa hukuncin da ya fi na Saduma, birnin da Allah ya hallaka, ba shi da fuskar komawa. Da ƙyar muka sa shi a mota.

Kuɗin mota kam ba a magana, ga shi direba ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan gyaɗa. Amma damina ta yi albarka, gero ya fid da kai hagu da dama. A Mashi muka tsaya shan fura, mai kauri, nono har da maiƙo. Na sha tawa, na sha ta Baba, don ko kallonta bai yi ba.

Muna sauka a Daura, 'yata na roƙon mu leƙa rijiyar Kusugu, sai tsohon ya nemi benci a tasha ya zauna, ya ce nan ya tsaya. Na yi lallami, na yi faɗa, ni dai ba a san ni da haƙuri ba. Ko gezau.

Sai yarinyar nan ta zauna kusa da shi, ta ciro Linjilarta ta Helenanci, wato Girkanci, tana tsokanarsa wai angon nata ya zama matsoraci. Ta buɗe masa ayar da ta daɗe tana cinsa, wadda ta ce a ranar shari'a za a fi rangwanta wa Saduma a kan garin da ya ƙi manzanni. Ta ce kalmar da ke wurin ita ce anektoteron, ma'anarta abin da ya fi ɗaukuwa, kayan da wuyan mutum zai iya jurewa. Ta nuna masa wani mai jaki yana rage buhu ɗaya daga kayan da ya ɗora. Ta ce ko a ranar shari'a Allah da awo yake hukunci, gwargwadon abin da kowa ya sani, kuma daga tushen kalmar aka samo wadda ake faɗar haƙurin Allah da bayinsa, da wadda aka umarce mu da ita ta jure wa juna.

"Kaka, mudun yana hannun Allah," in ji ta. "Ba a takalminka yake ba."

Wallahi kaina ya yi girma a tashar nan. Ni da ko firamare ban gama ba, 'yata ce ke warware wa dattijo abin da ya hana shi barci shekara talatin.

Daga Zango babur muka hau, taɓo har gwiwa. A ƙofar zaure Baba ya cire takalminsa ya ajiye a hankali. Wansa na kan tabarma, carbi a hannu, ya rame ƙwarai. Ya daɗe yana kallonsa.

"Auta, ka zo?"

"Na zo, Yaya."

"To wannan karon kada ka karkaɗe. Ƙasar ubanka ce, tafi da abarka."

Kwana biyu muka yi, suna cin tuwon dawa a kwano ɗaya, kowa ya yi addu'a irin tasa. Muka dawo da ƙunshin kuka da daddawa, ni kuma na dawo da sanin cewa aikinmu jure wa juna ne, awo na Mai awo ne.

Washegari na ɗauki takalmin Baba zan wanke, taɓon ƙauye ya bushe a jikinsa. Ya miƙo hannu ya karɓe, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ce in bar masa shi haka.