Mato, Wanda Aka Sallata da Ransa

Mato magini ya rasu ran Talata, cikin damanar 1977, a unguwar Hausawa da ke kudu da Managil. Sau biyu aka yi masa sallar gawa. Ta biyun mu maƙwabtansa muka yi ta, muna kuka. Ta farkon kuwa shekara goma sha tara kafin nan aka yi ta, yana tsaye da ƙafarsa a ƙetaren ruwa yana kallo.

An haife shi a wani zango kusa da Makwar, a bakin babbar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Kakanninsa sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan. Hausawa da yawa haka suka tsaya, suka yi gari. Amma mutanen zangon su Mato ba su yarda sun zauna ba. Shugabansu Malam Alhaji, wanda Alhajin sunan yanka ne kawai, ya ce su matafiya ne, sauka suka yi, kuma shi za a yi wa izinin tashi. Matafiyi ba ya gini da laka, ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya. Ba a ƙetare gadar tur'a, ba a raɗa wa jariri suna, ba a sayen ko akuya sai an je an durƙusa gaban Malam. Kowace shekara bayan cirar auduga sai a ɗaure kaya a yi ta jira, kowace shekara ya fito ya ce izini bai sauko ba tukuna.

Mato bai taɓa musu da wannan ba sai da mahaifiyarsa, Iya, ta kamu da tari. Bukkarta ta kara ce, iskar damina na ratsa ta. Sai ya kwaɓa laka ya ja ɗan bango iya ƙugu ta cikin bukkar, wajen da take kwanciya, yadda ba a gani daga waje. Kwana tara bangon ya yi. Wani ya kai magana. Bayan sallar Juma'a Malam ya tara mutane, ya sa aka yaye karan, ya ce Mato ya tattake bangon da ƙafarsa. Da lakar ta ƙi rushewa, sai ya ce Iya ta ɗauko tulu ta riƙa zuba ruwa. Ta zuba, tana tari, tana cewa Allah ya yafe musu.

Washegari da hantsi Mato ya ƙetare gada. Shi ne abu na farko da ya yi a bainar jama'a ba da izini ba. Bai yi nisa ba, ya tsaya a bakin ruwa yana jiran ko za a kira shi. Abin da ya gani shi ne an naɗe damin kara da tsohuwar rigarsa, maza sun yi sahu, an yi kabbara huɗu, an binne. Mata suka shiga yi wa Iya ta'aziyya. Daga ranar ya zama mamaci a wurinsu: ba a kiran sunansa, ba a taɓa shi, ba a amsa sallamarsa.

Lori ya kawo shi Managil, lokacin ana ta haƙa sababbin tur'o'i, gari na cika da baƙi. Mutane suna zaton wanda ya kuɓuta rawa yake yi. Mato kam tsoro ne ya cika shi. Ya tsaya gaban wata bazawara mai sayar da shayi a kasuwa, Ramatu, ta ce, “Shayi ko gahawa?”

Can ya ce, “Duk wanda kika ga ya dace.”

“Ya zol, kai bawan Allah, cikinka ne ko nawa?”

Ta zuba masa duka biyun don tsiya, ya shanye, don bai san ana ƙi ba. Bayan shekara biyu ita ya aura.

Wurin Ɗanjuma magini ya koyi sana'a. Makonsa na farko ya ajiye kwandon laka ya durƙusa ya ce a yi masa izini ya sha ruwa. Ɗanjuma ya ce, “Kai, tashi! Ni ba Malaminka ba ne. Ga randa can, in ka ga dama ka shiga ciki.” Aka yi dariya, Mato bai yi ba. Sannu a hankali hannunsa ya faɗa, har ya zama in ana son bangon da zai jure ruwa shi ake nema. Sallarsa bai taɓa bari ba, sahun farko yake a masallaci. Ya kan ce da ya san Allah ɗaya ne a ƙetaren gada ma, da bai yi shekara biyu yana jiran ƙasa ta haɗiye shi ba. Ya kan ce kuma a zango in abu ya ɓaci nufin Malam ne, a nan kuwa duk abin da ya ɓaci shi ya ɓata, kuma wannan kayan ya fi laka nauyi.

Abu ɗaya yake nema, Iya ta amsa masa sallama. Duk lokacin cirar auduga masu gonaki sukan ɗauki mutanen zangon aiki. Sai Mato ya bar gini, ya bi yana tambaya har ya gano gonar da suke, ya tsaya a kunyar ƙarshe ya ɗaga murya: “Salamu alaikum, Iya!” Ita kuwa tana sunkuye, hannunta na tsinkar auduga, ko saurin hannun ba ya canzawa. Ya maimaita sau uku ya komo. Shekara goma sha ɗaya yana haka.

Wata safiya Almu, mijin ƙanwarsa Ma'u, ya iso gidan. Mato ya yi masa maraba, ya miƙa hannu. Almu ya dubi Ramatu kamar ita kaɗai ce a tsakar gidan.

“Baiwar Allah, tsohuwarmu tana kwance, ba ta tashi. Malam ya ce ƙofa a buɗe take. In wani yana son ya ji muryarta, ya zo a yi masa wanka a sake masa suna, ya bar gini, ya bar duk abin da ya tara a waje, kuma ba shi ba gada har abada.”

“Abin da ya tara har da ni da ɗiyarsa Asabe ke nan?” in ji Ramatu.

“Ni saƙo aka ba ni.”

Da ya fita, Mato ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Ramatu, ki zaɓa mini.”

“A'a, Baban Asabe. Ba zan ce ka tahi ba, ba zan ce ka zauna ba.”

“Don Allah.”

“Don Allahn ne ya sa na ƙi.”

Ya hau mota zuwa Makwar. Daga hantsi har azahar yana tsaye bakin gadar. Sannan ya taka ya ƙetare, da rigarsa mai laka, bai nufi wajen Malam ba. Maza suka miƙe daga inuwa, sai kuma suka tsaya cirko-cirko. Wanda zai tare shi sai ya yi masa magana ko ya kama shi, kuma dokarsu ta hana duka biyun. Ɗaya bayan ɗaya suka juya masa baya, ya ratsa ta tsakaninsu har bukkar Iya.

Tana kwance a tabarma, ta zama kamar tsinke, fuskarta na kallon kara. Ma'u na zaune gefenta, ta ja mayafi ta rufe ido.

“Salamu alaikum, Iya. Ni ne, Mato.”

Shiru, sai ƙarar numfashinta. Ya durƙusa ya tallafo kanta, ya kai mata ruwa a ludayi, ta sha kurɓi biyu. Yatsunta suka kama wuyan hannunsa. Leɓenta ya motsa, ya kai kunnensa kusa, bai ji komai ba sai iska. Kafin la'asar Iya ta cika. Da aka zo ɗaukar gawa aka wuce shi kamar turke, ya bi daga nesa, ya yi tasa sallar shi kaɗai a bayan sahu. Ya roƙi Ma'u ta gaya masa abin da Iya ta ce, ko da kai ne ta gyaɗa masa. Ta shige bukka.

Ya komo wa Ramatu da Asabe, ya ci gaba da gini shekara takwas, har ciwon hanta ya kwantar da shi, cikinsa ya kumbura. Bai taɓa cewa ya yi nadamar fita ba, bai kuma taɓa cewa ya ci riba ba.

Ana gobe zai rasu, da rana, muna zaune gefen gadonsa muna kore masa ƙuda, ya buɗe ido ya ce, “Kuna ganin amsa mini Iya ta yi, ko wuridin Malam take ja?”

Muka ce wallahi amsawa ta yi, uwa ce.

Ya dube mu da tausayi, kamar mu ne marasa lafiyar. Ya ce, “Ai ba ku nan.”