Ajiyar Ɗahiru

Duk wanda ya sha ruwan rijiya a ƙauyukan da ke tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari a wancan zamanin, da wuya a ce bai sha gumin 'ya'yan Barau ba. Su biyu ne, Lado da ƙanensa Ɗahiru, kuma haƙar rijiya suka gada wajen ubansu. Ƙasar nan kuwa ba ta ba da ruwa da daɗin rai. Rairayi ne zalla, sai mutum ya yi ta nutsawa gaba bayan gaba, har sama ta koma masa kamar bakin ƙwarya, sannan ya ji danshi a tafin ƙafarsa.

Lado ne na sama, mai riƙe igiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingishi tun ranar da gefen wata rijiya ya zaftaro masa yana saurayi, kuma daga ranar bai ƙara shiga rami ba. Ɗahiru ne na ƙasa, mai diga. Shi kam Allah ya yi masa jiki. Dogo ne, baƙi, ga ci, ga dariya, mutumin da ko murar da ke kwantar da gari a lokacin sanyi ba ta taɓa sa shi atishawa ba. In yana sara a ƙasa yana waƙa, sai muryar ta riƙa fitowa daga rami, mata masu jiran ruwa su yi ta dariya.

Ranar da mahaifiyarsu Hajjo za ta bar duniya, Ɗahiru bai fi tsawon turmi ba. Ta kama hannun Lado ta ce, "Ga ƙanenka nan. Duk abin da za ka iya ɗauke masa, ka ɗauke masa." Wani da ya ji wannan magana sai ya ce to, ya ci gaba da sha'aninsa. Lado kuwa, bawan Allah, sai ya mai da ita aikin rayuwarsa. Akuyar Ɗahiru ta ci waken mutane, Lado ne ya je ya durƙusa ya sha faɗa. Aka zo aikin hanya aka ce kowane namiji ya fito, Lado ya yi ranarsa, ya koma ya yi ta Ɗahiru. Da aka je nema wa Ɗahiru auren Laure, Lado ne ya zauna gaban iyayenta ya haɗiye duk maganganun da aka yaɓa wa masu shiga rami. Ba wanda ya ga aibun haka. A wajenmu ai abu ne sananne, in an ɗora wa gida nauyi, wanda ya iya shi ke tsayawa, hukuma dai ta ga an fito.

Bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanu, ruwa ya gudu ƙasa, tsofaffin rijiyoyi suka ƙafe, aiki ya yi wa 'ya'yan Barau yawa. A shekarar da nake ba da labari, sojoji na kan mulki, su Lado suna tsakiyar haƙa wa mutanen unguwarsu sabuwar rijiya. Bazara ta kama, aikin ya yi nisa amma ba a ga ruwa ba. Kuma kowa ya san rijiyar rairayi in ba a kai ga ruwa an ɗaure ta kafin damina ba, ruwan farko zai rufe ta, wahalar wata da watanni ta tashi a banza.

Ana cikin haka sai mai shela ya zaga gari. Ya ce sanƙarau ya ɓulla ta wajen iyaka, masu allura za su zo daga Gumel ranar kasuwa, babba da yaro, mace da namiji, kada wanda ya zauna a gida.

Da yamma maza suka taru a gindin tsamiya, aka ɗauko zancen. Wani ya ce ya ji hannu yakan yi nauyi, har da zazzaɓi na kwana biyu. Ɗahiru ya yi dariya ya ce, "To ni ina ruwana? Allura ai ta marar lafiya ce. Mutum yana zaune ƙalau, ya je da ƙafarsa ya ɗauko ciwo? A yi wa yara da tsofaffi, wannan na yarda. Ni in hannuna ya yi nauyi wa zai ɗaga diga?"

Mai unguwa Cindo, dattijo mai gudun fushin na sama, ya ce, "Ɗahiru, ni ban ce ba ka da lafiya ba. Hakimi ya aiko ya ce kowane gida a ga mazansa. Kada ku ja mini magana."

"Ranka ya daɗe, ruwan sama ba zai jira hakimi ba," in ji Ɗahiru.

A nan Lado ya yanke shawara a ransa. Kada wani ya ɗauka shi mai ƙin allura ne. Ya ga yadda agana ke cinye fuskokin mutane yana yaro, ya kuma ga yadda ta ɓace bayan an yi ta yin lamba. Ya yarda abin alheri ne, shi ya sa ma bai so ƙanensa ya rasa ba. Sai ya auna abin da irin ma'aunin da ya sani. Uwa takan sha rubutu saboda jaririnta. Ana yi wa mutum sadaka ba ya nan, ta kuma same shi. Kai, har aikin Hajji ana yi wa wanda bai iya zuwa ba. To allura ce za ta gagara? Jininsu ɗaya, nono ɗaya suka sha.

Ranar kasuwa ya sa wani maƙwabci ya riƙe wa Ɗahiru igiya, ya tasa Laure da goyonta a gaba suka tafi. Jama'a ta cika maƙil, layi ya miƙe har bayan rumfunan masu hatsi. Masu allurar ba irin allurar da aka sani suka zo da ita ba, wata aba ce kamar bindiga, a taka da ƙafa, a manna a dantse, ta ce tas, na gaba ya matso. Zufa ta jiƙe su, ba mai ɗaga kai ya dubi fuska. Aka yi wa Laure da ɗanta. Lado ya miƙa hannun hagu aka yi masa. Ya zagaya ta bayan masu goro, ya sake shiga layi, ya sha rana a karo na biyu. Da ya iso gaba sai ya juya dantsen dama, ya yi bisimilla, ya ƙulla niyya a zuciyarsa: wannan ta Ɗahiru ce.

Da ya fito ya tarar da Cindo a inuwa yana duban masu wucewa.

"Lado, ina ƙanen naka?"

"Yana rami, ranka ya daɗe. Amma na karɓar masa." Ya nuna hagu, ya nuna dama.

Cindo ya duba, ya gyaɗa kai. "Madalla. To gidanku ya fita."

Washegari hannuwan nan biyu suka kumbura, zazzaɓi ya rufe Lado. Haka ya tsaya a bakin rijiya yana jan gugan ƙasa, kowane ja sai ya cije leɓe. Wallahi daɗi yake ji. Duk zogin da ya taso masa a dama, sai ya ce a ransa wannan da yanzu yana jikin yaron nan. Ɗahiru kuwa daga ƙasa yake ɗaga murya yana tsokana, "Yaya, ya hannun nawa?"

"Hannunka na ciwo, marar kunya. Yi aikinka."

Bayan 'yan makonni zafi ya kai inda ya kai, iska ta tsaya cik. Ƙasar da ake jawowa ta fara fitowa da sanyi, alamar ruwa ya kusa. Ran nan da hantsi Ɗahiru ya girgiza igiya, aka jawo shi. Ya zauna a bakin rami ya dafe kai. Ya ce kansa ne kamar ana sara, ya bar digar a ƙasa, in ya ɗan huta zai koma. Lado ya ce rana ce, ya jiƙa masa tsamiya. Kafin la'asar ya fara amai. Da gari ya waye Laure ta fito tsakar gida ba mayafi, ta ce, "Yaya, zo ka gani, wuyansa ba ya lanƙwasuwa."

Lado ya shiga ya gani, ya kuma san abin da ya gani, amma zuciyarsa ta ƙi. Ya ce, "Ba shi ba ne. Ba zai yiwu ba, ai an yi masa."

Suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, suka sami motar hatsi mai zuwa Gumel. Duk tsawon hanya Lado na riƙe da kan ƙanensa a cinya, kan ya sandare ya karkata baya, idanu ba sa son haske. Ya cire hularsa ya rufe masa fuska.

A asibiti ɗakuna sun cika, an kafa rumfunan zana a gindin bishiyoyi an jera marasa lafiya a tabarmi. Wani ma'aikaci, mai furfura a gemu, idanunsa sun yi ja don gajiya, ya durƙusa ya taɓa wuyan Ɗahiru, ya yi masa allura nan take. Sannan ya tambaya, "Da aka zo garinku, an yi masa ta rigakafi?"

"An yi, likita," in ji Lado.

Mutumin ya duba dantsen Ɗahiru. "Wane hannu?"

Lado ya naɗe hannun rigarsa ta dama, ya nuna ɗan tabon da ya rage. "Ga ta nan. Yana cikin rami ranar, ni na karɓar masa. Tawa tana hagu."

Ma'aikacin ya dubi tabon, ya dubi Lado. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. A hankali ya ce, "Malam, ita wannan ba a karɓar wa wani. Jikin da ta shiga shi kaɗai take tsarewa."

"Amma na yi niyya."

"Na sani."

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma lafiyayye ne, ko mura ba ya yi."

"Dubi rumfar nan," in ji mutumin. "Rabinsu majiya ƙarfi ne. Ban ce maka da an yi masa ba abin da zai same shi ba, wannan sanin Allah ne. Amma waɗanda aka yi wa, kaɗan ne ake kawo mana."

Lado ya tsaya da hannun riga a naɗe. Can sai ya matso, ya rage murya, kamar mai roƙon alfarma a gaban alƙali. Ya ce, "To likita, ku zuƙe ta daga nan ku sa masa. Ai tasa ce. Ajiya ce kawai a wurina."

Ma'aikacin ya kama hannun, ya sauke masa rigar, ya ce a riƙa ɗiga wa marar lafiya ruwa a baki. Ya tashi ya nufi tabarma ta gaba, don akwai masu jira.

Ɗahiru bai ƙara gane kowa ba. Washegari bayan azahar ya cika.

Aka yi zaman makoki. Kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare, Lado ya ce haka ne, kuma har zuciyarsa ya yarda haka ne. Amma yarda daban, barci daban. Cindo ya zo ya yi ta'aziyya kansa a sunkuye, ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Laure ba ta taɓa ce wa Lado uffan a kan zancen ba, har ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da yaron. Shirun nan nata ya fi masa zagi ciwo. Ba a sami wanda zai shiga rijiyar ba, ruwan farko ya sauka, bakinta ya rufta, digar Ɗahiru tana ciki har yau.

Lado ya bar haƙa. Ya koma tufkar igiya, yana kaiwa kasuwar Maigatari. Ya rage magana, ya daina zaman gindin tsamiya. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne lafiya. Sanyi ya zo da murarsa ya kwantar da gari, ya tsallake shi. In an ce masa, "Lado, kai kam jikinka ƙarfe ne," sai ya kau da kai, ya ci gaba da murza kaba.

Da bazara ta zagayo masu allura suka dawo. Ba a yi masa shela sau biyu ba. Ya je gidan su Laure ya ɗauko ɗan Ɗahiru a kafaɗa, ya kai shi aka yi masa a gabansa, ya mayar da shi hannun uwarsa, sannan ya shiga layin maza. Da ya iso gaba, mai allurar, wani saurayi da ke sauri, ya cafko dantsen da ya fi kusa da shi, na dama. Lado ya fizge.

"Baba, ai duk ɗaya ne, kawo."

Lado ya juya, ya naɗe hagu ya miƙa masa.

"Yi a nan," ya ce. "Wancan akwai ajiyar mutum a ciki."