Jan Buhu da Baƙin Zare

A duk asibitin ba wanda ya san sunanta na yanka. Jan Buhu kowa ke kiranta, tun daga masu gadi har likitocin da ba su taɓa sauke ƙafarsu a ɗakin wanki ba. Shekara ashirin da shida ta yi a can ƙarƙashin ginin, inda taga ɗaya ce tak, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai take nunawa.

Kayan wanki iri biyu ne ke saukowa daga sama. Farin buhu na dattin yau da kullum ne, gumi da shayin da ya zube, kowa na iya ɗauka. Jan buhu kuwa shi ne wanda ake riƙewa da yatsa biyu ana kawar da kai: jini, mugunya, amai, da abin da ba a faɗa a gaban mai cin abinci. Shi ne rabonta. Takan kwance bakinsa a kan dakalin siminti, ta fara jiƙa komai a ruwan sanyi, don ruwan zafi dafa jini yake yi ya zauna a zani har abada. Sai ta dirje da buroshi, ta zuba maganin da ke cin fatar hannu ko da an sa safar roba, sannan injin wanki ya karɓa. Tsakanin yatsunta ya yi fari fat, kuma akwai wani wari da sabulu bai taɓa raba ta da shi ba. Dubban mutane sun kwanta a kan wankinta, sun warke, sun tafi gida. Ko ɗaya bai taɓa tambayar wa ya wanke ba.

In mutum ya cika a kan gado, nas-nas sukan ɗaure bakin jan buhun sau biyu. A shekararta ta farko ta wanke wani zanin gado daga irin wannan buhu, mai ɗan yagewa a gefe, ta ninke shi. Bayan kwana biyu ta tura keken kaya ta ɗakin mata, sai ga zanin nan a ƙarƙashin wata mai jego, tana dariya tana ba jaririnta nono. Ranar abinci bai wuce mata ba. Washegari ta zo da allura da baƙin zare. Tun daga nan, duk zanin gadon da ya fito daga buhu mai ɗauri biyu, sai ta yi masa ɗan ƙulli a cikin kalmasar kusurwa, inda ido ba ya gani sai yatsa ya lalubo. In ƙulli ya kai uku, sai ta ce zani ya tsufa, ta jefa shi cikin tsummokaran goge ƙasa. Tsohon shugaban sashen ya sani, bai taɓa cewa uffan ba.

Ta san ajali ba a zanin gado yake ba. In ka tambaye ta za ta gaya maka haka da bakinta, har ta harare ka. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne mutum ya ja numfashinsa na ƙarshe a kan ƙyalle, a wanke, a goge, a shimfiɗa wa wani kamar ba a yi komai ba. "Ko kofi aka fasa a gidan nan ai sai an tambaya," in ji ta.

Sai aka kawo Madam, sabuwar shugaba, mai takalma masu ƙara da hankici a hanci. Ta zo da wata kalma ta Turanci da ba ta rabuwa da bakinta: nasti. Warin kwata nasti ne. Ruwan sama da ya hana shanya nasti ne. Shayin da ya huce, tarin mai shara, direban da ya yi mata gatsali a hanya, ƙurjin da ya fito mata a wuya, duk nasti. Cikin mako guda ma'aikata suka gane cewa duk abin da rai ya ƙi, ƙazanta ne ko mugun hali ko mummunan ciwo, kalmar nan ta ɗauke shi. Baba mai guga, tsohon da ke tsaye a bayan dutsen guga tun kafin zuwan Jan Buhu, ya ce, "Wannan kalma ai ta fi buhunki ciki, Yaya. Komai aka zuba mata sai ta haɗiye."

Kowa ya yi dariya, ban da Jan Buhu. Ta daɗe da sanin kalmar. Autarta ce ta kawo ta daga makaranta tana 'yar shekara goma sha uku. Wata rana uwar ta miƙa mata burodi da hannu, yarinyar ta ja da baya, ta yatsine fuska ta faɗe ta. Ba ta san ma'anar ba a lokacin, amma ta ga fuskar. Daga ranar ba ta ƙara miƙa wa yarinyar abinci hannu da hannu ba, sai dai ta ajiye a faranti ta tura.

Wata uku da zuwanta Madam ta tsinci zannuwa masu lafiya a cikin tsummokara. Ta juya ɗaya, ta juya biyu, yatsanta ya ci karo da ƙulli.

"Ke, zo nan. Mene ne wannan?"

"Mutum uku ne suka rasu a kansa, ranki ya daɗe."

"To sai me? Ba an wanke ba?"

"An wanke. Ni na wanke."

"Wato ke kike zaune a nan ƙasa kina lissafin gawa da zare?" Madam ta saki zanin, ta goge yatsunta da hankici, ta faɗi kalmar tata har sau biyu, wannan karon tana kallon matar, ba zanin ba.

A take ta kafa doka. Duk zanin da bai yage ba ya koma sama. Aka ƙwace allura da zare. Kuma mai taɓa jan buhu ba za ta ƙara hawa ɗakunan marasa lafiya da kayan aiki ba, wai don tsafta. Matar da tsaftar asibitin gaba ɗaya ke fitowa daga hannunta, ita aka hana hawa bene don tsafta!

Ba ta daina ba. Ta riƙa zaro zare daga bakin baƙin ɗankwalinta, wata allurar kuma Baba mai guga ya ɓoye mata a ƙarƙashin bargon teburinsa. Sai dai yanzu ba zanin da ke hutawa. Suna dawowa hannunta da ƙulli huɗu, biyar, ta ƙara ɗaya ta ninke, ta bi su da ido har keken ya sha kwana.

A shekara ta biyu ta mulkin Madam aka kwantar da Auta, wadda yanzu tela ce mai 'ya'ya biyu. Tiyata aka yi mata a ciki, aka sa ta a hawa na uku, gado na bakin taga. Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin ziyara, Jan Buhu ta yi wanka a bayan injin, ta sauya kaya, ta hau. Ta tarar da 'yarta a galabaice, leɓe ya bushe, tana sauraron matar gadon kusa, wata malamar makaranta mai surutu da aka kwantar saboda ƙafa.

"Ke ce mamanta? Ai kun yi kama! Tun safe nake gaya mata ta yi dariya ta ƙi, wai ɗinki zai ɓalle. Tela guda tana tsoron ɗinki!"

Jan Buhu ta yi murmushi ta zauna a bakin gado. Ba ta yi niyya ba, hannunta ne ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba, ya shiga ƙarƙashin kusurwar katifa. Ɗaya. Biyu. Ta ci gaba da lalube. Shida ne, kuma duk ɗinkinta.

"Inna, lafiya? Kin yi shiru."

"Lafiya lau. Kwanta abinki."

Ta sami nas a bakin ƙofa. "Don Allah a canja wa 'yata zanin gado."

"Mama, yau da safe aka shimfiɗa shi, fes yake. Sai jibi kuma, in dai bai ɓaci ba."

"Ni zan kawo wani da kaina."

"Ba a shigo da na waje. Kin fi ni sanin dokar."

Washegari ta yi aiki kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙirji. Duk buhun da aka jefo, bakinsa take fara dubawa. Da hantsi aka ce zazzaɓi ya rufe Auta. Ta tsaya a gaban tulin wankakkun zannuwa tana lalubar kusurwa ɗaya bayan ɗaya, har ta samo wanda ba ƙulli ko ɗaya. Baba mai guga ya karɓa, ya goge shi sau biyu. Da zai miƙa mata ne ya ce, "Yaya, ki bari sai ƙarfe huɗu mana. Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce."

"In zauna har ƙarfe huɗu ina kallon bakin buhu? Ba ni."

Da rigar aikinta ta hau, da takalman roba, ƙarfe goma sha biyu na rana, mutane na matsawa gefe a matakala suna toshe hanci. Ta tarar ɗinkin ya yi ruwa, ya ɓata rigar Auta, nas ɗaya ce a ɗakin kuma tana can kan wani gado. Ta wanke hannu har gwiwa, ta mirgina 'yarta gefe a hankali, ta naɗe tsohon zanin zuwa tsakiya, ta shimfiɗa sabon, ta mirgino ta, ta zare. Ta goge mata jiki da ruwan ɗumi. Auta ta kama hannun nan mai farin tsakanin yatsu, ta ɗora a goshinta mai zafi, ta riƙe shi a nan.

"Hannunki da sanyi, Inna. Kar ki ɗauke."

A haka ƙarar takalma ta same su. Wani ya riga ya kai rahoto. Madam ba ta ɗaga murya ba, ta dai tsaya nesa da hankicinta, ta ce ta sauka ta ajiye rigar aiki, kada ta ƙara dawowa. Jan Buhu ta ce to. Ta dunƙule tsohon zanin a hammata za ta fita da shi.

"Wannan kuma kayan asibiti ne. Ajiye shi."

"Ranki ya daɗe, shida ne a jikinsa. Ki bar ni in yaga shi, ko goge ƙasa a yi da shi."

"Na ce ki ajiye."

Ta ajiye. Tana gani aka jefa shi a buhu.

Zazzaɓin ya sauka bayan kwana biyu. Likita ya ce maganin da aka sauya ne ya karɓe ta, kuma Jan Buhu ba ta musa ba. Ta ci gaba da zuwa ƙarfe huɗu, yanzu a matsayin mai ziyara kamar kowa. Ranar da za a sallami Auta, malamar gadon kusa ta ce, "Mama, taimaka ki ja mini zanin nan, ya tattare a ƙarƙashina." Ta sunkuya ta kama kusurwa. Yatsunta suka gane shi kafin ta gama ja.

Ta tsaya a sunkuye. Me za ta ce? Ta gaya wa mace mai ciwon ƙafa, mai dariya, cewa mutum shida sun mutu a inda take kwance? Ta je wurin nas, a kira mata masu gadi? Ta ja zanin ya miƙe, ta soke shi da kyau a ƙarƙashin katifa, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya." Malamar ta ce in ta fito za ta kawo wa Auta ɗinkin riga, a yi mata ragi tunda sun yi makwabtaka.

Bayan mako biyu Baba mai guga ya zo gidan da la'asar. Ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa. Ya tambayi jikin Auta, ya ce sabuwar da aka ɗauka a gurbinta da ruwan zafi take fara jiƙo, duk zannuwa sun yi tabo. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Malamar nan ta hawa na uku," ya ce. "Jini ne ya daskare mata, ya tafi huhu, in ji su. Buhun ya sauko da ɗauri biyu. Na duba kusurwa, Yaya, ƙulli shida ne." Ya ciro allurar daga jikin hularsa. "Na gwada yin na bakwai, ya ƙi zama. Nuna mini yadda kike yi."

Ta zaro zare daga bakin ɗankwalinta, ta kama gefen labulen ƙofa, ta nuna masa: a soka ta ciki, a zagaya sau biyu, a ja. Ya gwada a kusa da nata har ya iya, ya tafi.

Auta na samun sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta, kuma yanzu daga hannun uwarta take karɓar abinci. Ƙullin nan biyu suna nan a gefen labule. Jan Buhu ta sha ɗauko almakashi za ta cire su, sai ta fasa. Duk wanda zai shiga ɗakin sai labulen ya shafe shi, jikokinta ma haka, suna wucewa da gudu, ita kuma tana zaune tana kallo.