Tsamiyar da Na Narkar a Bakin Kumadugu

Mun tashi da asuba daga Diffa ranar Asabar, ni da abokin aikina a tsohuwar motarsa, wadda a shekaru ta isa ta aurar da jika. A wuyana akwai kamarar da na saya hannun wani ma'aikacin agaji da zai koma gida. Wata uku ke nan ina addabar abokan aiki a biro, wato ofishinmu, da ita, tun da na gano sirrin buɗe idonta: ka sa ƙaramar lamba, mutum ya fito tas, duk abin da ke bayansa ya narke kamar man shanu a rana. Har akuyar maƙwabta na ɗauka haka, ta fito kamar matar gwamna.

Abokin nawa Babarbare ne, ɗan wani ƙauye kusa da Shatimari. Ya ce kawunsa ke son hoto, za a kai wa yayan kawun da ke kwance ba lafiya a Damagaram, kuma washegari shi abokin nawa zai tafi da hoton a salularsa. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan, ni kuma ban tambaya ba, don gwani ba ya tambaya.

Gudron, wato titin kwalta, bai yi mana laifi ba. Bariyar sojoji ce ta cinye safiyar: a sauka, a nuna takarda, a koma. Wani soja ya daɗe yana juya kamarar, na rantse masa tsofaffi da awaki kaɗai nake ɗauka. A Shatimari muka karya da ƙosai da shayi, na sayi bandar kifi ta jaka guda, ƙaya ta fi nama yawa. Daga nan sai rairayi. Sau biyu muka tura mota, ni da tumbina muna turawa, shi yana ciki yana ba da shawara.

Ƙauyen kuwa ja wur yake. Tattasai shanye ko'ina, a tabarma, a kan rufi, a ƙasa. Tun daga bakin gari na fara atishawa, ban daina ba sai da na gaisa da kowa da hawaye.

Kawu dogo ne siriri, ya sha babbar riga tun safe yana jiranmu. Na nuna masa inuwar bango mai kyau, ya girgiza kai, ya ce bakin kogi za mu. Tafiyar da ya kira "nan kusa" ta kai mu azahar, tsakanin kwalbatocin ruwa da ƙarar injin ban ruwa. Ya tsaya a wani tudu, ya juya wa Kumadugu baya, ya gyara hula. Na buɗe idon kamara iya buɗuwa, na ɗauka. Hoto ya yi kyau har na so in rungume kaina. Kowace furfura ta gemunsa ana iya ƙirga ta, bayansa kuwa kore-kore ne mai laushi kamar mafarki.

Sai da muka koma gida, muka ci tuwo da miyar kifi, na miƙe ƙafa, sannan na nuna masa. Ya kawo hoton kusa da ido, ya nisantar, ya goge gilashin da bakin riga.

"Malam, ina tsamiyar?"

Na ce wace tsamiya, Baba?

"Yayana ya san fuskata, shekara saba'in yana kallonta. Gonar ubanmu ya ce yana son gani kafin ya tafi."

A nan abokina ya tuna bai gaya mini ba. Gonar tana ƙetaren kogi, ƙarƙashin wata babbar tsamiya, kuma tun shekarun tashin hankali ba wanda ya sake taka ta. Daga tudun nan kaɗai ake hango ta. Wannan kore-koren da nake taƙama da shi, gadon mutane ne na dama kamar kunu.

La'asar ta gabato, kuma ba a son mutum ya kai yamma a bakin ruwa. Gwiwoyina suka ce su dai sun yi ritaya. Kawu ya mayar da hularsa kawai ya miƙe. Dole na bi shi.

A tudun na yi abin da ban yi ba wata uku: na tsuke idon kamara, na kai lambar sha shida, na ja da baya don kawu da kogi da gonar su shiga tare. Amma ido in ya tsuke haske kaɗan yake sha, sai ya daɗe bai ƙifta ba, ɗan motsi kaɗan kuwa ya isa ya ɓata hoton. Muka jawo buhun tattasai na ɗora ta a kai. Na farko atishawa ta ɓata shi. Na biyu ma haka. A na uku na toshe hanci da hula, na riƙe numfashi har na fara ganin kakannina, na danna.

Kawu ya duba, ya sa yatsa a kan tsamiyar, ya daɗe bai ɗauke ba. Shi kansa ya fito ƙarami a gefe, kamar wanda ya zo wucewa. Ya ce yanzu aka yi hoto.

Mun shigo Diffa bayan isha'i, ƙafafuna kamar na aro, uwargida ta ce warin tattasai ya riga ni sallama. Bayan kwana biyu abokina ya kira daga Damagaram. Ya ce yayan kawu bai ko dubi ƙanensa a hoton ba, sai ya sa aka faɗaɗa masa wajen tsamiyar, ya kalla, ya ce reshen gabas ya karye, sannan ya nemi a bar masa salular a gefen matashi.

Ban daina narkar da bayan mutane ba, akuyar maƙwabta shaida ce. Sai dai yanzu kafin in taɓa lambar nan, nakan sauke kamara in tambayi mai hoto abin da ke bayansa.