Ni da raƙumi a gaban Madam

Jama'a, yau na zagi wani a biro, wurin aikinmu, ashe ni ne.

Kun san lojisiyel ɗinmu, manhajar nan mai koyo daga hotuna, wanda ke gane wa masu garka, manoman lambu na Dabaga, ciwon albasa? An ce mu ƙara mishi tumatir kafin shuka, amma ko'ina muka taɓa sai wani wuri ya lalace. Shef ɗinmu, shugabarmu Madam Rabi, ta sa wani lojisiyel mai binciken kod, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ya duba shi. Nan take ekiran ɗin ordinateri, wato fuskar kwamfuta, ya yi ja wur da kurakurai. Fishiye guda, wato fayil ɗaya, ya fi kowane muni: abu ɗaya an kwafe wuri shida, babu bayani.

Na miƙe na ce, "Wa ya rubuta wannan shirme? Wallahi ko raƙumi aka ba ordinateri ya fi shi."

Madam ta buɗe tarihin fishiyen. Sunana ne, shekara biyu baya! Har da saƙon da na bari: "Don Allah kar a taɓa, ni ma ban san yadda yake aiki ba."

Ta turo mini kujera ta ce, "Malam Ilyasu, masu garka na jira. Za ka gyara, ko mu kira raƙumin?"