Fuskar Jaɓɓi a Shafi na Sha Tara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Nasiru, wanda mutanen Talata Mafara suka fi sani da Nasiru Mai Biro. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin abin da zan faɗa ya shafi wani mutum da ke raye, kuma ina jin tsoro a kansa. Bana ya ba ni izini, da sharaɗin kada in faɗi garin da yake.

Hannun Nasiru na fara gani kafin fuskarsa. Ranar Talata ce, kasuwa ta cika, na je rumfar mai ba da hayar littattafai in mayar da wani labarin soyayya da na karanta sau uku. A gefen rumfar wani saurayi na zaune da kwali a gwiwa, yana zana mai sayar da rake da biro irin na 'yan makaranta. Yatsunsa duk tawada. Ina tsaye hancin mai raken ya fito a takarda, sannan haɓarsa, har da yadda yake karkata hula. Littattafaina sun koya mini cewa wanda zan aura zai zo da doguwar mota da ƙamshin turare, ya yi mini kallo ɗaya in rasa inda zan sa kaina. Wannan ko ɗago kai bai yi ba. Amma ranar na koma gida ban ɗauki sabon littafi ba, abin da ban taɓa yi ba.

Bayan aurenmu na gane zanen fuskoki a kasuwa neman abinci ne kawai. Abin da ke ransa labarun zane ne, irin waɗanda ake raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutane na fitowa cikin ɗan da'ira bisa kansu. Yana da labarin wata budurwa mai tuƙa kwalekwale a tafkin Bakolori, wadda ɓarayi suka kore wa mahaifinta shanu, ta bi sawunsu. Burinsa ya buga shi littafi, sannan ya mai da shi fim. Idan muka je wajen danginsa a Bakura, sai ya tsaya bakin gonakin shinkafa ya haɗa yatsu kamar taga, ya ce daga nan kyamara za ta fara. Ni kuwa har na zaɓi kayan da zan sa ranar da za a nuna fim ɗin.

Ba mu da attajirin da zai ɗauki nauyi, don haka ya kira abin da ya sa wa suna gayyar fim. Ya ce tunda ana taruwa a nome gonar mutum ɗaya, ana iya taruwa a yi fim. Ya sanar a waya, ya kuma bi kasuwanni da bakinsa. 'Yan garinmu da ke aiki a birane suka turo ta banki, manoma suka kawo shinkafa da albasa, wata tsohuwa a Dosara ta ba da kaza. Tukwicin da ya yi alkawari shi ne duk wanda ya sa hannu, za a ga fuskarsa a cikin littafin. Mutane sun so wannan fiye da yadda muka zata. Har layi ake yi a zaurenmu, kowa ya sha wanka, yana roƙon a rage masa tumbi ko a ƙara masa tsawo.

Cikin masu zuwa akwai Jaɓɓi, Bafillace mai noma da kiwo a wajen Maradun, abokin Nasiru tun suna sakandare a Kaya, inda Nasiru ya tashi a hannun kawunsa. Tsakaninsu babu komai sai tsokana, Kaɗo yake kiran Nasiru, wato Bahaushe. Ya iso janye da rago, ya gaishe ni da amaryarmu kamar kullum, ya tambayi wanda ya fi yawan fitowa a labarin. Nasiru ya ce bayan budurwar, sai shugaban ɓarayi.

"To shi za ka ba ni, Kaɗo," in ji Jaɓɓi. "Ban kawo rago don ka ɓoye ni bayan masu tallar fura ba. Ka ɗora ni kan babur da rawani. Ko a takarda ne, in ga Kaɗo na gudu in na taho."

Nasiru ya ce ai dama bai sha wahalar neman fuskar ɓarawo ba, ga ta ta kawo kanta har da rago. Muka yi ta dariya. Ni na fi kowa. A littattafan da na karanta, mugu kyakkyawa ne mai tabo, don haka ni na ce kada a manta da tabon da ke saman girar Jaɓɓi, da wushiryarsa. Nasiru ya so ya sauya kamannin kaɗan, na hana. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Lokacin ana jin labarin 'yan bindiga, amma muna ɗauka abin can cikin daji ne. Littafin ya fito, ya shiga hannu. A shafi na sha tara ga Jaɓɓi kan babur, bindiga a kafaɗa, yana murmushi, kamar ka kira shi ya amsa. Shi da kansa ya riƙa nuna wa mutane a kasuwa.

Kafin damina ta zagayo, hare-hare sun iso ƙauyukan da muka sani da sunansu. Sai wata safiya matar Jaɓɓi ta kira ni tana kuka. Wani ya ɗauki hoton shafin nan da waya, ya yanke maganar da ke sama da sauran gidajen, ya bar fuskar da bindigar. Ya rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne jagoran masu kai hari, wai wani da ya kuɓuto daga hannunsu ne ya zana shi. Kafin azahar hoton ya shigo wayata daga wurare uku. Aka ce matasan da ke tsaron garuruwa suna tare Fulani a hanyar kasuwa, suna duba fuska suna duba waya. Waɗannan matasa sun binne 'yan uwansu, ba su cikin halin tambayar wa ya yi zane.

Jaɓɓi ya daina fita ko masallaci. Nasiru ya yi bayani a bidiyo, yana ɗaga littafin yana buɗe shafukan, amma bayanin bai yi tafiya ba, hoton ne ke tafiya. Sai ya saɓa jaka ya shiga gari-gari. Yakan je wajen mai gari da liman da shugaban matasa, ya buɗe shafi na sha takwas da na ashirin, ya nuna musu fuskokin mutanensu a ciki, ya ce ga mai shayinku, ga tsohuwar da ta ba da kaza, shi ma wancan rago ya bayar. Wasu suka gane har suka yi dariya. Wasu suka tambaye shi yadda aka yi ya san fuskar mutumin haka da kyau. Masu layi a zaurenmu suka fara dawo da littattafansu, wasu sun yage shafin da suke ciki. Kyamarar da aka saya da kuɗin gayya, Nasiru ya nemi yardar masu gayyar da ya iya samu, ya sayar da ita aka kwashe iyalin Jaɓɓi zuwa nesa. A nan fim ɗin ya ƙare, ko fitowa ɗaya ba a ɗauka ba.

Garin Gidan Goga ne ya rage, kuma nan ne aka fi zafi, domin sun fi kowa jin jiki. Mahaifin Jaɓɓi da ƙannensa na nan kusa da su, sun ƙi tashi. Na riƙe rigar Nasiru a bakin ƙofa, na ce hanyar ba ta da kyau, ya bari sai wani mako.

"Da hannuna na sa Jaɓɓi ciki, Shafa," ya ce mini. "In ban tafi ba, wa za shi tafi?"

Ya je, kuma an ce sun saurare shi. A hanyar dawowa, da rana tsaka, 'yan bindiga na gaske suka tare motar da yake ciki. Jakarsa aka kawo mini da littafin a ciki.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Shi sai ya yini yana gyara hanci ɗaya. Yanzu waya na ƙera fuskar mutum cikin ƙiftawar ido, ta sa masa bindiga, ta sa masa maganar da bai faɗa ba. Ina jin da zai ajiye biro. Ko kuwa ya sake saɓa jaka, ban sani ba. Abin da na sani shi ne hoton bai mutu ba. Duk lokacin da aka kai babban hari, sai wani ya tono shi. Bara ƙanwar mahaifiyata ce ta turo mini, tana cewa in yi hattara da wannan mutumin. Nakan mayar da cikakken shafin ga duk wanda ya turo, in yi bayani, sannan in zauna ina jiran wayar da ba na so ta shigo a kan Jaɓɓi. Zanen Nasiru na nan cikin akwati ƙarƙashin gado. An nemi in bayar a sake bugawa, na ƙi. Na daina karanta labaran soyayya kuma, domin duk inda na ga mugu mai tabo sai in rufe littafin.

Watan jiya Jaɓɓi ya zo gaishe ni, zuwansa na farko tun ta'aziyya. Sai da ya yi sallama na gane shi, da murya. Shanun sun tafi, yanzu facin taya yake yi a bakin wata tasha. Ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ko ranar auren 'yarsa ɓuya ya yi. Bayan mun gama gaisuwa, ya ciro wata 'yar jakar fata daga ƙirjinsa ya warware. Shafi na sha tara ne, ya yi laushi saboda ninki. Na tuna shingayen da ya wuto a hanya, inda ake zazzage aljihun mutane. Na roƙe shi don Allah ya ba ni in sa a murhu.

"Amaryarmu, duba da kyau," ya ce, ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa. "Wa zai ce ni ne?"

Na duba. Kumatun sun faɗa, gemun ya yi fari, haƙoran da ke gefen wushiryar sun zube, tabon ya ɓace cikin tamoji. Babu wanda zai haɗa su. Ya ce shi ma yakan manta yadda yake a da, sai ya buɗe ya gani, kuma Kaɗon nan ne kaɗai ya ajiye masa. Ya ninke takardar a hankali ya mayar ƙirjinsa, ya yi wa Nasiru addu'a, ya tashi don ya sami motar da za ta kai shi kafin la'asar.